Kwalba Ɗaya da Goyon Malam Armaya'u

Ni na ɗinka majanyin da Barau yake goyon Malam Armaya'u da shi, saboda haka in ana maganar Barau a bar ni in yi, kada wani ya katse ni. Sunana Jinjiri, tela ne ni a Unguwar Maude, wani ɗan ƙauye tsakanin Wagini da Yasore a ƙasar Batsari. Barau taubashina ne, babarsa ƙanwar babana ce, don haka tun muna yara nake zaginsa yana ramawa, babu mai jin haushi. Yanzu duk mun manyanta, gemu ya yi furfura, zagin ne kawai bai tsufa ba.

A samartakarsa dako yake yi a kasuwar Batsari. Ba dogo ba ne, faɗi gare shi, ga wuya, ga damtse, cikinsa kuwa a shafe kamar faifai. Buhun geron da mutum biyu ke kamawa suna nishi, shi kaɗai yake sunkuce shi ya jefa cikin mota, ya juyo yana tambaya ko akwai saura. Da rani kuma ya tafi cirani Fatakwal, can ma dakon yake yi. Shekaru ya yi yana wannan kai da kawo, kuma a can ya kwaso abin da ya kwaso.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi a can, ya rame, idanunsa suka yi fari fat. Abokan aikinsa, mutanen ƙasar, suka yi masa halacci, suka kai shi asibiti aka yi masa allurai. Da ya fara tashi zaune sai suka kawo masa baƙar giya, suka zuba mata madarar gwangwani, suka ce ya sha, tana ƙara jini. Ya sha, ya warke. To, allurar da aka yi masa bai ga aikinta ba, naman da mai abinci ta riƙa ƙara masa don tausayi bai ga aikinsa ba, kwalbar kaɗai ya gani. Da ya daina zuwa cirani ya dawo gida ya kama noma, sai ya dawo da ita. Wani direban motar hatsi ke kawo masa daga kudu, a ɓoye ƙarƙashin tamfol.

Sai dai zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi wa masu son a yi masa tonon silili daɗi ba. Ban taɓa ganin Barau yana tangaɗi ba. Bai taɓa ɗaga wa matarsa Uwani hannu ba, bai taɓa kwana a kwata ba, sahun gaba yake a masallaci. Kwalba ɗaya ce a rana, ba ya ƙarawa. Bayan azahar yake shanta a gonarsa ta bakin rafi, inda yake binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi don ta yi sanyi, sannan ya tauna kanumfari ya dawo gari kamar kowa.

Ana nan sai mutanen daji suka fara shigo mana. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ke ƙasar Batsari da Safana ya san su, ya san ƙarar baburansu. Zuwansu na farko kowa ya ranta a na kare, aka bar tsofaffi a ɗaka, kowa na zaton wani ya ɗauke su. Da aka dawo aka tarar da wata tsohuwa ta rasu a bakin ƙofarta, ba harbi ba duka, tsoro ne kawai da rarrafe. Ranar Juma'ar da ta biyo baya mai unguwa Maude ya tsayar da maza bayan salla ya ce ba za a sake haka ba. Aka rataye wani tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin bishiyar bedin da ke ƙofar masallaci, duk wanda ya hango su ya buga. Sannan aka yi abin da muke kira rabon goyo. Kowane tsoho da ba ya iya gudu aka ba shi ƙato guda, wanda in ƙarfe ya yi ƙara ba gidansa zai nufa ba, wurin tsohonsa zai nufa. Babur ba ya yi, don shi suke fara bi, jaki kuwa sai ranar da kake sauri yake tuna taurin kansa. Bayan mutum ne kawai abin dogaro.

Malam Armaya'u shi ya karantar da kusan dukanmu a makarantar zaurensa. A lokacin ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, sai dai a ɗauke shi a ajiye, amma kansa garau, bakinsa ma garau. 'Ya'yansa maza suna Katsina, sun yi sun yi ya koma can ya ƙi. Da aka zo kansa, mai unguwa bai rufe baki ba Barau ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, Malam nawa ne. Kada ma a sa shi cikin rabo.”

Babu wanda ya yi musu, don duk garin babu bayan da ya kai nasa. Washegari ya zo shagona. Majanyin mata ba zai ɗauki namiji baligi ba, ko da Malam ne da ya bushe kamar kara. Na samo yadin kaki mai kauri, na ninka shi, na bi shi da ɗinki sau da sau, na yi masa hannuwa dogaye da za su zagayo su ɗaure a kan cikin mai goyo. Na ce masa, “Ga shi nan, amarya, Allah ya raya.” Ya ce ai ni ko kaza aka goya mini sai na faɗi.

Hanyar gudunmu ɗaya ce. A bi ta bayan masallaci, a ratsa gonaki, a gangara rafi, a keta yashi, a haura ɗaya gaɓar, a wuce maƙabarta, a shige cikin duwatsu inda babur ba ya hawa. Yashin nan shi ne wahalar, kana taka shi yana janye maka ƙafa. Ni ba a ba ni kowa ba saboda gwiwata, kan keken ɗinkina nake cirewa in rungume, shi ne nawa tsohon. Ina tafe ina haki sai in ga Barau ya wuce ni fuu, Malam a bayansa ya kwantar da kai a wuyansa yana ta hasbunallahu. Kafin in kai duwatsu ya ajiye shi a inuwa, ya gyara masa rawani, ya koma taya wasu.

Mun yi gudun nan har mun daina ƙirgawa. A gudu a bar tuwo a wuta, a gudu da alwala ba a yi sallar ba, a dawo a tarar an kore shanu, wani lokacin kuma a tarar ba kowa, wani ne ya hango babura ashe 'yan ɗaurin aure ne. Wallahi mun gaji. Irin gajiyar da ko barci ka yi ba ta sakinka, ka tashi da ita ka tafi gona da ita. Amma duk ranar da ƙarfe ya yi ƙara, Malam bai taɓa jiran Barau ba, kafin ya gama laluben carbinsa ya ji sallamarsa a zaure.

Ni na fara lura da canjin, don tela ba a ɓoye masa ciki. Wata rana Barau ya kawo majanyin ya ce ya tsuke, halan wanki ne. Na dube shi na dubi tumbin da ya fara turo riga. Na ce, “Kaki ba ya tsukewa, kai ne ka buɗe.” Na ƙara wa hannuwan tsawo. Shekara ta zagayo ya sake kawowa. Kakin ya ƙare, sai na jona masa wani ƙyallen atamfa mai jan fure da ya ragu daga ɗinkin mata, don in ba shi haushi. Mutanen gari kuwa yabo suke yi. A wurinmu in mutum ya yi ƙiba cewa ake ya samu lafiya, balle a wannan zamani da kowa ya koma ƙashi da rai. Mata su ce wa Uwani ta iya kiwo, maza su ce Barau sai ƙara ƙarfi yake, Malam ya dace. Shi ma da kansa haka ya ɗauka.

Asirin kwalbar kuwa a gona na gano shi. Na je aron gatari bayan azahar, na tarar da shi a gindin marke ya kafa kai a kwalba.

“Kai ɗan banzan taubashi, mi nike gani haka?”

Bai ko razana ba. Ya goge baki ya ce, “Magani ne.”

“Maganin mi? Na shiga wuta?”

“Rufa mini asiri, Jinjiri, ka rage murya. Guda ɗaya ce rak. Can kudu har masu ilimi suna sha. Sun ce ɗaya a rana tana wanke ƙoda, tana ƙara jini, zuciya ta yi aiki daidai. Wanda ya zarce shi ne ya cuci kansa.”

“Sallarka fa?”

“Wanda ya bugu ake nufi. Ka taɓa ganin na bugu?” Ya miƙe ya bugi ƙirjinsa. “Kana ganin Malam a bayana, da mi kake tsammani nike ɗaukarsa? Da kunun Uwani? Ranar da na bar wanga abu, ranar ƙafata za ta mutu. Ni kaina ba daɗinta nike ji ba, ɗaci gare ta.”

Ka ji inda matsalar take. Da don nishaɗi yake sha, da an ja masa aya ya ji kunya ya bari. Shi kuwa ya riga ya sa a ransa cewa saboda Malam yake sha. Na zage shi iya zagi, na tafi na samu Uwani, ashe ta riga ni sani da daɗewa. Ta ce, “Tela, na yi magana har bakina ya gaji. Yanzu ma ba shan ne ya fi damuna ba. Minshari yake kamar ana yanka sa, barcinsa a gutsure, kullum ƙeyarsa na ciwo, in ya hau kan rumbu sai ya zauna ya huta. Ka lallaɓa shi ku je a auna shi.”

Da ƙyar na ja shi ɗan asibitin da ke kusa da mu. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a wurin, Mahfuza, mai haƙuri da tsofaffi. Ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta ce jininsa ya hau ƙwarai, ta tambaye shi ko akwai abin da yake sha. Ya tsura wa bango ido. Na ce, “Yana sha, malama. Baƙar nan ta kwalba, ɗaya a rana, wai ƙarin jini.” Ya harare ni kamar ya cinye ni ɗanye.

Ta ce, “Baba, ni ba wa'azi zan yi maka ba, ka fi ni kusa da malamai. Aikina zan gaya maka. Babu jinin da take ƙara maka, babu ƙodar da take wankewa, fitsari kawai take sa ka, jikinka ya bushe a cikin wannan rana. Abin da take ƙarawa shi ne hawan jinin nan da wannan cikin. Wani zai yi shekaru yana shan ɗaya bai ga komai ba, ban musa ba. Amma kai ba shi ba ne. Shekarunka sun ja, jininka ya hau, kuma an ce da mutum a baya kake gudu. Ka bar ta, ka rage gishiri, ka riƙa shan ƙwayar nan kullum.”

Ya yi godiya, ya karɓi magani. Muna fitowa ya ce mini, “Yarinya ce, ba ta taɓa ɗaukar buhu ba.” Ƙwayar yakan sha in ƙeya ta matsa masa, kwalbar kuwa ba ya fashi. Ban ce ita kaɗai ta ci shi ba. Akwai shekaru, akwai tashin hankali, akwai abincin da ba ya isa. Amma duk cikinsu ita ce kaɗai wadda yake zuwa da ƙafarsa ya tono.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ana rana kamar ta fasa dutse. Tsakanin azahar da la'asar ƙarfe ya ɗauki ƙara, kuma wannan karon ba 'yan ɗaurin aure ba ne, don muna jin harbi ta gabas da gari. Na cire kan keke na fito. A ƙofar zauren Malam na ga Barau, daga gona ya sheƙo, jiƙe sharkaf da zufa, yana kokawa da ɗaurin majanyi a kan ciki. Na wuce, na san zai cim mini.

Bai wuce ni a gonaki ba, bai wuce ni a gangare ba. Sai da na kai tsakiyar yashi na waiwaya. Yana tafe, amma ba gudu yake ba, jan ƙafa yake, bakinsa a buɗe, numfashinsa na fita da wata ƙara kamar zugazugin maƙeri. Fuskarsa ta yi wani irin duhu. Ya matso kusa da ni, sai gwiwoyinsa suka sare, ya durƙusa cikin yashi, ya dafa da hannu biyu. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa ya koma.

Malam ya ce a hankali, “Sauke ni, Barau.”

“A'a, Allah gafarta Malam, yanzu zan...”

“Na ce ka sauke ni. Kwance ɗaurin wanga, ka tsira da ranka.”

Harbi na ƙara matsowa. Na yar da kan keke na kama hannun Barau ina ja, ina kuka ina zaginsa, amma ina! Kamar in ja kututture. Allah ya kawo Sharhabilu, wani magidanci majiyi ƙarfi, ya riga ya kai tasa tsohuwar duwatsu ya juyo. Bai tsaya kwance ɗauri ba, ya zaro Malam ta sama ya saɓa a kafaɗa ya haura da shi. Ni da Uwani muka kama Barau, ita hagu ni dama, muka ja shi har gaɓa, majanyin na reto a bayansa ba kowa ciki. Mutanen daji ba su sauko rafi ba, shanu suka kora suka juya. Ranar ba a rasa rai ba, amma duk wanda ke cikin duwatsu ya ga abin da ya faru a cikin yashi.

Kwanaki ya yi a kwance. Ranar Juma'a mai unguwa ya ce daga yau goyon Malam ya koma hannun Sharhabilu. Bai ambaci dalili ba, ba ya ma buƙata. Barau na zaune a sahun gaba kansa a ƙasa. Na san mutumin nan tun muna tsirara, na ga ranar da ya binne babansa, na ga ranar da aka kore masa shanun noma, ban taɓa ganin ya karye irin na ranar ba.

Da yamma ya ce in raka shi wurin Malam, shi kaɗai ba zai iya ba. Muka shiga zaure muka durƙusa, aka yi gaisuwa, aka tambayi jiki, aka tambayi iyali, aka sake tambayar jiki. Barau ya buɗe baki zai fara, Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

“Ba sai ka faɗa ba. Tun ranar da ka fara goya ni na sani. Hancina a kan wuyanka yake, Barau. Kanumfari na ɓoye wa na nesa ne.”

Barau ya ɗago a firgice. “Malam ya sani, bai taɓa yi mini magana ba?”

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Na karantar da kai, haƙƙinka ne a kaina in gaya maka. Sau da dama na shirya zan faɗa. Sai in ce in na faɗa kunya za ta hana ka zuwa ƙofata, ƙarfe ya yi ƙara in tsinci kaina ni kaɗai a zaure. Tsoro na ji. Na fi son bayanka da lafiyarka, na fi son bayanka da lahirarka. Ka yafe mini.”

Kai jama'a! Gara a ce duka Malam ya yi masa. Ƙaton mutumin nan ya kifa kai a tabarma yana kuka kamar yaro, ni ma na juya ina share ido da hular kaina. Da ya natsu ya ce, “Allah gafarta Malam, saboda in iya ɗaukarka nike sha.”

“Na sani. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.”

“A maido mini da goyona.”

“Ba a hannuna yake ba, rayukan mutane ne. Ka gyara jikinka, in an gama kaka ka samu mai unguwa ya gwada ka. In ya yarda, ni bayanka na saba da shi. Sharhabilu ƙashi gare shi, duk ya ƙuje mini haƙarƙari.”

Daga ranar ya bari. Kada wani ya ce maka abin ya zo da sauƙi ko ya zo da mamaki. Makonnin farko in azahar ta yi sai ya rasa inda zai sa kansa, ya zo shagona ya zauna yana neman faɗa, ni kuwa ina ba shi. Direban ya kawo kwalaben, Barau ya ce ya koma da su. Ya kama shan ƙwayarsa kullum, Uwani ta rage gishiri a miya yana ci yana mita. A hankali barcinsa ya daidaita, ƙeya ta sake shi. Mahfuza ta auna ta ce jinin ya sauka, amma ta ce kada ya ɗauka zai koma ɗan dakon kasuwar Batsari, abin da shekaru suka ci sun ci. Ta ce ya fara da tafiya, kada ya fara da gudu.

Shi da jin magana rabi-rabi, sai ya cika buhu da yashi daidai nauyin Malam, ya goya da majanyin, kullum da hantsi ya keta rafi ya dawo. Mutane suna dariya, suna tambayarsa yaushe za a yaye jaririn. Da farko sai ya huta a tsakiya, daga baya ya riƙa kaiwa gaɓa, daga baya har maƙabarta. Ƙarfe ya yi ƙara a tsakanin nan, ya tsaya yana kallo Sharhabilu ya fito da Malam daga zaure, shi kuma ya ɗauki tabarma da butar tsohon ya bi su a baya. Ana cikin yankan dawa ya shigo shagona ya jefa mini majanyin a kan keke.

“Ya yi mini yawa. Cire wanga atamfar taka ta 'yan daudu.”

Na warware ɗinkin na cire jan furen, na ce ai ta fi yi masa kyau. Ya ce jibi Juma'a zai samu mai unguwa.

Ba a kai Juma'ar ba. Ranar Alhamis da safe Malam Armaya'u ya cika a kan shimfiɗarsa, ba ƙarar ƙarfe ba gudu, tari ne na 'yan kwanaki. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla a ƙofar masallaci, mutane suka zo daga Wagini da Yasore har da Tsaskiya. Da aka zo ɗaukar makara Barau ya shiga ya sa kafaɗarsa a kusurwar gaba ta dama.

Kowa ya san yadda ake yi. Ba a barin mutum ɗaya ya riƙe makara, ana 'yar tafiya wani ya taɓa kafaɗarka ka ba shi wuri, don kowa ya samu lada. Sauran kusurwoyin haka aka riƙa canjawa. Muka bi ta bayan masallaci, muka ratsa gonaki, muka gangara rafi, don maƙabartarmu a tsallake take, hanyar gudunmu ce dai. Muna shiga yashi na fara jin numfashinsa. Zufa ta jiƙe masa riga, ƙafarsa na nutsewa yana zarowa. Sharhabilu ya matsa da kyakkyawar niyya ya miƙa hannu zai taɓa shi, na riƙe masa hannun. Ya dube ni, na girgiza kai. Mai unguwa na gefe ya gani, shi ma ya yi wa na bayansa alama. Daga nan babu wanda ya sake nufar kusurwar.

Muka wuce daidai wurin da ya durƙusa, bai ko dubi ƙasa ba. Ya haura gaɓa yana nishi har bakin kabari. Sai da aka ce a ajiye ya ajiye.

Bayan an rufe an yi addu'a mutane suka fara watsewa. Na same shi zaune a gindin wata aduwa, ya miƙe ƙafafu, yana mayar da numfashi. Na zauna kusa da shi, na nemi zagin da zan yi masa na rasa. Ya daɗe yana kallon sabon kabarin.

Ya ce, “Jinjiri, ka gani ko? Wanga karon ban sauke shi a hanya ba.”

Na ce na gani. Muka zauna har rana ta take tsaka, sannan na kama hannunsa na tashe shi, muka sake keta yashin muka koma gida.